BAƘON ƊAN SANDA AMANA NE

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ya ga 'yan sanda a bakin aiki. In ya kasa kunne zai ji ba dukansu ne 'yan ƙasa ba. Akwai Badakkare daga Zuru, akwai Batibi daga Binuwai, akwai Bayarabe da Ibo waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba tukuna. A kan waɗannan bayin Allah muke so mu yi magana yau, gama zaman da suke yi tsakanin abokan aikinsu ya shafi lafiyar kowa.

A zamanin En'e ba haka abin yake ba. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san dagaci, dagaci ya san ubansa. A mulkin Janar Gowon aka rushe 'yan doka aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya, waɗanda aka kafa tun 1930. Yanzu kurtu ba shi da zaɓi, inda takarda ta jefa shi nan zai kwana. Saboda haka a caji ofis ɗaya sai ka tarar da mutum takwas masu harshe ɗaya da mutum biyu waɗanda ba su da kowa.

To, yaya masu yawa suke riƙon marasa yawa? Ba kullum zalunci yake zuwa da sanda ba. Wani lokaci sunan banza ne da ake kiran mutum da shi, a ce wasa ne. Wani lokaci a juya magana cikin Hausa mai zurfi don kada ya gane abin da aka shirya. Wani lokaci kuwa aikin dare da tsaron shingen daji su riƙa faɗawa kansa fiye da kowa, in an zo yabo a manta da sunansa. Wanda ake yi wa haka ba ya iya kai ƙara, don kada a ce ya faye ƙorafi. Wanda zai iya magana a ji shi, shi ne ɗan gari.

Mu Hausawa bai kamata mu manta ba, mu ma mun taɓa zama baƙi cikin wannan aiki. A 1863 Glover ya tara Hausawa a Ikko ya ba su aikin tsaro, nesa da gida, cikin mutanen da ba nasu ba. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama Sufeto Janar a 1964, watau Louis Edet, mutumin Kalaba ne, daga ƙabilar da ba ta cikin manyan uku. Tsarin mulkin 1979 ya wajabta a raba ayyukan Gwamnati yadda kowane sashe zai ga nasa a ciki, kuma Shugaban da ya fara mulki da shi, Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne daga garin Shagari. A zamaninsa, a 1981, aka naɗa Sunday Adewusi, Bayarabe, ya shugabanci 'yan sandan ƙasar nan duka. Abin kunya ne a ce a mahaifarsa ake ware kurtu saboda harshensa.

Doka kaɗai ba ta gyara wannan. Ingila tana da dokoki tuli, amma binciken Macpherson na 1999, bayan kisan wani yaro baƙar fata mai suna Stephen Lawrence, ya sami wariyar launi ta yi saiwa cikin 'yan sandan Landan. Abin da ya raya ta shi ne shirun waɗanda suka gani suka kau da kai.

Ga abin da muke roƙo. Ɗan sandan da yake ɗan ƙasa ya zama tafintan gaskiya ga abokinsa, kada ya rage kada ya ƙara. In an yi masa baƙar magana, ya tsawata nan take, kada ya bari sai bayan an watse ya ba shi haƙuri a ɓoye. Ya kai shi ya gai da hakimi da dagatai, ya koya masa gaisuwa da abin da ake ƙi. Saje mai rubuta jerin aiki ya raba dare da rana daidai. In baƙo ya tsaya maka ranar Salla, kai ma ka tsaya masa ranar Kirsimeti. Amma goyon baya ba rufa asirin ɓarna ba ne: mai cin hanci a hukunta shi, ko ɗan wa ne, da ma'auni ɗaya.

Ku ma malaman ofis da malaman makaranta kuna da rabo. Takardar baƙo kada ta kwana ƙarƙashin tebur don ba shi da mai yi masa magana. Ɗansa da ke ajinku kada yara su mai da shi abin dariya kuna kallo.

A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin Jihar Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan sandan da ba su amince da juna a bariki ba, ba za su tsare wa juna baya a daji ba, balle su tsare mu. Allah ya sa a gyara.