Ka ƙawata wayarka tsaf, ka bar kwamfutarka yadda mai shago ya miƙo maka

Tsakaninka da Allah, sau nawa ka canza hoton fuskar wayarka a watan nan? Ke kuma 'yar uwa, nasan har launin WhatsApp da salon rubutu kin zaɓa da kanki. To amma laftof ɗin da muke aikin makaranta da ita fa? Tana nan yadda aka sayo ta. Ko layin nan na ƙasan allo, wanda muke kira taskba, yawancinmu ba mu taɓa taɓa shi ba.

Zan faɗa maka abin da ya sa na damu. Zangon karatun da ya wuce na je wani shagon buga takardu a nan Gusau, ana gobe za mu miƙa aiki. Yaron shagon na da takardun Word kusan bakwai a buɗe: nawa, na wata ɗalibar kiwon lafiya da ta taso tun daga Tsafe, da takardar neman aikin wani bawan Allah. Duka bakwai ɗin sun dunƙule a ƙarƙashin alamar W guda ɗaya. Ya kai linzami, ƙananan hotuna suka fito, duk farare, duk kama ɗaya. Ya danna, ya buga, na biya. Sai da na isa gida na ga tsohon kwafi ne, wanda ban gyara ba. Ni kuɗin bugu da na mashin kawai na yi asara. Ɗalibar nan kuwa, da ita abin ya faɗa wa, sai ta sake kama hanyar Tsafe zuwa Gusau, kuma kai ma ka san ba hanyar da mutum ke son bi sau biyu a banza ba ce.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Tsarin ne aka yi shi don kyan gani. Tun Windows 7, a 2009, Microsoft ya mayar da taskba ta zama jerin alamomi marasa suna, kowace manhaja ta haɗiye tagoginta. Amma an bar wa mutum zaɓin ya raba su. Da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 sai aka kwaso alamomin zuwa tsakiya, aka cire zaɓin rabawar gaba ɗaya. Mutane suka yi ta ƙorafi har kusan shekara biyu, sai a ƙarshen 2023 aka dawo da shi. Wato wasu sun yi rigima a kan maɓallin da mu ko sanin yana nan ba mu yi ba.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ka danna ɓangaren dama na linzami a kan taskba, ka shiga Taskbar settings. A Windows 11 sai ka sauka zuwa Taskbar behaviors; a Windows 10 zaɓin na nan a shafin farko. Ka nemi inda aka rubuta Combine taskbar buttons. Zaɓi uku ne: a haɗa kullum, a haɗa in layin ya cika, ko kar a haɗa sam. Da ka cire shi daga na farko, kowace taga za ta tsaya da sunanta a rubuce.

Ni na tsakiyar nake ba da shawara. Laftof ɗinmu yawanci na hannu ne, allon ƙarami, in ka ce kar a haɗa sam, da ka buɗe taga goma sunayen za su matse har ba ka iya karanta komai. Kuma sunan da zai fito shi ne wanda ka sa wa fayil ɗin, don haka in duk ayyukanka "final" da "final final" suke, ba saitin da zai cece ka.

Wani abokina ya ce shi ya fi son alamomin a dunƙule, allon ya fi tsabta. Na yarda, in fim kake kallo. Amma mai cike wa mutane fom ɗin JAMB, mai ɗora hoton fasfo da lambar NIN ta mutum biyar a lokaci guda, shi kuskuren taga ɗaya na iya sa hoton wani a takardar wani. Irin wannan ma gara ya ware wa kowa nasa teburin: Windows da Ctrl da D na buɗe sabon tebur, Windows da Tab na nuna su duka.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ɗora waɗancan manhajojin canza kamannin taskba da ake turawa a filas daga hannu zuwa hannu. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma wasunsu na rikicewa da zarar Windows ta sabunta kanta.

Makon jiya na gyara wa wani ɗan ajinmu ɗan Bunguɗu tasa, har da maido masa alamomin gefen hagu. Jiya na leƙa, ya mayar da su tsakiya, wai sun fi kyau a hoto. Sunayen tagogin dai ya bar su.