A auna rijiyoyinmu tun ramin gawayi bai rufe ba

Ƴan'uwa makiyaya da fataken bisashe, duk wanda ya taɓa raka shanu kurmi ya san Inugu. A shekarar 1909 Turawan Ingila suka gano gawayin ƙasa a can, a 1916 jirgin ƙasa ya soma kai shi Fatakwal. Yau an daɗe da daina haƙa a ramukan Onyeama da Okpara. Amma ruwa bai daina hitowa daga cikinsu ba, ja kamar tsatsa, yana gangarawa kogin Ekulu da na Nyaba inda mutane ke ɗiba.

Ga yadda abin yake. A jikin gawayi da duwatsun da ke lulluɓe da shi akwai wani dutse mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya cutar kowa. In aka tone shi, iska da ruwa suka same shi, sai ya saki tsami irin na ruwan batir, tsamin kuma ya narkar da ƙarfen da ke cikin dutse ya tahi da shi. Lokacin da ake aiki, injuna na janye ruwa daga rami dare da rana. Ranar da aka rufe, injuna su tsaya, ruwa ya tashi sannu a hankali, ya cika rami, ya nemi hanya cikin ƙasa. Shi ya sa ɓarnar takan bayyana bayan shekaru, lokacin da ma'aikata sun watse, babu ƙofar da za ka buga. A garin Karolina na Afirka ta Kudu, a watan Janairu na 2012, ruwan sama mai yawa ya kwaso irin wannan tsami daga wuraren haƙar gawayi ya zuba cikin madatsar garin, mutane suka yi wata da watanni ba su iya shan ruwan pampo.

Mu ma muna da namu gawayin. A Anu Araren, kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas, kamfanin SONICHAR na haƙa tun farkon shekarun 1980, ana ƙona shi a samu wutar lantarki ta Arlit da Agadas. A Salkadamna cikin jihar Tawa ma akwai gawayi, an daɗe ana shirin haƙarsa. Ba ni cewa ruwan wuraren nan ya ɓaci. Abin da nike cewa shi ne kowane rami yana da ranar rufewa. Wanda ke shakka ya tuna ramin yuraniyom na Akuta, da aka rufe a 2021 bayan shekara 40 da ƴan kai ana aiki.

Wani zai ce arewa ba kurmi ba ce, ruwan sama kaɗan ne, me zai wanke gawayi? Da gaskiyarsa, amma rabi. In damina ta zo da ƙarfi, ƙorama ɗaya na iya kwasar abin da ya taru shekara guda a gindin tsibin toka da ƙasar da aka tono. Kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar arewa tsohon ruwa ne, wanda ba ya sabuntuwa sai kaɗan-kaɗan. In ya ɓaci, ba damina ɗaya ko goma za ta wanke shi ba.

Abin da ya hi damuna shi ne harshenmu ba zai gargaɗe mu ba. Mu ne muke kora bisashe kwana da kwanaki zuwa Ingal don su sha ruwan gishiri, mu ne muke sayen kanwa mu ba su. Ruwa mai ɗan ɗaci ba baƙo ba ne gare mu. Amma gishirin farar wuta daban yake. In ya yi yawa cikin ruwa yakan sa zawo, yakan hana jikin saniya amfani da sinadarin jan ƙarfe da take samu cikin ciyawa, sai gashi ya koɗe, maruƙa su ƙi girma. Makiyayi ya ɗora laifi ga rani ko ga tsutsar ciki, ya ɓata kuɗi wajen magani, dillali kuma ya karya kuɗin bisa a kasuwa. Saniyar da ta wuni da ƙishirwa cikin bazara ba ta zaɓen ruwa.

Awon kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Ana gina ƴan ƙananan rijiyoyin burtsatse, wasu ta inda ruwan ƙasa ke zuwa kafin ya iso rami, wasu ta inda yake tahiya bayan ya wuce shi. A duba zurfin ruwa, a duba tsaminsa (ma'aunin na cewa 7 ga ruwa mai daidai, ruwan sha bai kamata ya sauka ƙasa da 6,5 ba), a duba gishiri da ƙarfe. Amma awo ɗaya ba ya shaida. Sai an san yadda ruwa yake tun farko kana a iya cewa ya sāke. Ke nan a Salkadamna lokacin awo shi ne kafin a kafa diga ta farko.

Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinmu ne. To, yawo ba ya yiwuwa sai da mashaya. Saboda haka wakilanmu da ke zaune cikin kofo na kwamin da na gunduma su nemi a sa rijiyoyin makiyaya cikin jerin waɗanda ake aunawa, ba na gari da na gidajen ma'aikata kaɗai ba, sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara. Sakamakon kar ya kwana cikin ofis da Faransanci: a faɗe shi a rediyo da Tamashek da Fillanci da Hausa, a liƙa shi a kasuwar bisashe. Sannan a ware kuɗin awon bayan rufewa tun yanzu da gawayi ke kawo kuɗi. A Jamus an rufe ramin baƙin gawayi na ƙarshe a watan Disamba 2018, amma tun 2007 suka kafa asusun da ke biyan janye ruwa daga tsofaffin ramukan, kuma ba a sa wa aikin ranar ƙarewa ba.