Gyaran gida: wane murhu ya dace da lokacin ɗari?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya taso. Daga watan Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yakan hana tsofaffi barci. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, yara kan kwana suna tari. Can arewa kuwa, bisa dutsen Bagzan, akwai daren da ruwa ke daskarewa cikin ƙwarya. Wannan ne lokacin da icce ke ƙarewa da sauri a kowane gida, don ga wutar tuwo, ga ta ɗumama ruwan wanka, ga kuma ta jin ɗumi. Kuma kowa ya san inda mata ke zuwa yau kafin su samo ɗaurin icce ɗaya.

Mai gida da ke son ɗumi ba tare da ɓarnar icce ba, ɗakinsa zai fara dubawa kafin ya dubi murhu. Ɗakin da iska ke ratsawa ko'ina ba ya riƙe zafi, ko an ƙona amalanke guda. Shigifa mai kaurin bango ta fi kowane ɗaki a nan. Ƙasa tana shan zafin rana da yini, tana sakinsa sannu sannu da dare. Ɗakin tol ya fi burge ido, amma da rana ta faɗi ya huce, asuba kuma kamar randa. Wanda ya riga ya rufa tol, ya shimfiɗa tabarmi ko zana a ƙarƙashinsa, zai ga bambanci. A liƙe tsagar bango da laka tun kafin ɗari ya yi ƙarfi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ƙofar da ke duban can tana bukatar asabari ko labule mai kauri. Akwai kuma ginin da ba ya cin azara ko ɗaya, mai rufin tubali kamar tulluwa, wanda aka fara koya wa magina a Cikal, cikin ƙasar Filinge, a shekarar 1980. Shi ma yana riƙe ɗumi sosai.

Mutanen ƙasashen ƙanƙara, kamar Faransa da Jamus, sun gano wannan tun da daɗewa. Sabbin gidajensu a toshe suke sarai, har gilashin taga ninki biyu ne. Mai irin wannan gida ƙaramin murhu yake saye. In ya sayi babba, ɗaki ya yi zafi fiye da kima, sai ya rage wa wuta iska, ita kuma ta koma hayaƙi da baƙin kunkunniya a cikin bututu. Murhunsu rufaffe ne, yana da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi, wani ma yana da na biyu mai jawo iska daga waje. Wannan bututun shi ne abin da babu a ɗakunan karkara, kuma rashinsa ne ke kawo haɗarin da za a ambata a gaba.

To, wane murhu ke akwai a ƙasar Nijar?

Na farko shi ne na kaka da kakanni, duwatsu uku. Ba ya cin ko dala, kowace tukunya ta hau, kuma jama'a kan kewaye shi su ji ɗumi. Amma in aka kasa zafinsa kashi 10, da ƙyar kashi 1 ko 2 ke shiga tukunya. Saura iska ta kwashe. A tsakar gida, ranar da hunturu ke kaɗawa, wutar ma ba ta tsayawa ƙarƙashin tukunya. Ga tartsatsi, ga yaro mai rarrafe. Gobarar da ke cinye ƙauyuka da ɗari, sau da yawa daga irin wannan wuta take tashi.

Na biyu shi ne na ƙarfe, wanda ake kira Mai Sauƙi. An yaɗa shi a shekarun 1980, bayan fari ya kashe itatuwa, kuma maƙera suka koyi yinsa da tsohon ƙarfe. Bangonsa yana kewaye tukunya, wuta ta bi ta ɗan tsakanin, ta lashi gefenta kafin ta fita. A nan ne masu saye kan yi kuskure. Kowace tukunya da girman murhunta. In aka ɗora ƙaramar tukunya bisa babban murhu, tsakanin ya yi faɗi, zafi ya gudu, an yi asarar kuɗi ke nan. In kuma ta matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya cika gida. Uwar gida ta tafi kasuwa da tukunyar da ta fi aiki da ita, a gwada a gaban maƙeri. Tsakanin kada ya wuce kaurin ɗan yatsa. A ƙwanƙwasa ƙarfen kuma a ji, don mai sirantaka ba ya daɗewa yake hujewa. Mai Sauƙi yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin hucewa, kuma jikinsa yana ƙona hannun yaro. Amma ga makiyayi babu kamarsa: an tashi, a ɗaure shi bisa jaki, an sauka, ya kare wuta daga iska a fili.

Na uku shi ne na laka, mai suna Albarka. Duwatsun nan uku suna nan a ciki, sai dai an kewaye su da bango, an bar ƙofa guda ta sa icce. Laka ce mai kyau, da dusar gero ko yankakkiyar ciyawa, da kashin jaki, a kwaɓa a bari su jiƙa kwanaki. Tukunyar gidan ake ɗorawa a gina bangon a jikinta, don ya zo daidai da ita. A bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a hura wuta, in ba haka ba ya tsage. Ba ya son ruwan sama, kuma yana bukatar yaɓe lokaci lokaci. Wasu mata sun watsar da nasu saboda wannan ɗan gyara, alhali aikin bai kai na damun fura ba. Wanda aka gina daidai yakan rage kamar kashi ɗaya cikin uku na iccen girki.

Ga manomi mai zaman gida, Albarka ya fi. Da safe yana jinkirin ɗaukar zafi, gaskiya ne. Amma in aka gama tuwon dare, jikinsa na nan da ɗumi har a yi nisa da hira. A ɗora tukunyar ruwa bisa sauran garwashin, a rufe, tsoho ya samu na alwala ba tare da an ƙara kara ko ɗaya ba. Sai dai a sani, murhun zamani an yi shi ne don tura zafi cikin tukunya. Wanda ke jiran ya gasa masa ƙafafu kamar wutar fili, zai ce ba ya da amfani.

Saura maganar kasko. Da yawa kan ɗebi garwashi ko gawayi su shiga da shi ɗaki, su rufe ƙofa, su toshe taga, su kwanta. Wannan yana kisa. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ko da babu hayaƙi ko kaɗan. Kuma ɗakin da aka gyara ya toshe da kyau, shi ya fi haɗari. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala, kuma sau da yawa duk mutanen ɗakin take kamawa tare. Sai a ce ai iskoki ne, a tsaya neman turare, lokaci na wucewa. Wanda aka tarar haka, a fitar da shi fili nan take, a buɗe ɗakin, a kai shi gidan likita. Mai son ɗumama ɗaki ya shiga da kasko da magariba, ƙofa a buɗe, nesa da tabarma da zana, ya fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Jariri da mai jego su aka fi yi wa wuta a ɗaki, gubar kuma ta fi saurin kama jariri. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya.

Kowane murhu aka zaɓa, ɗanyen icce yana ɓata shi. Kusan rabin nauyin sabon sara ruwa ne, kuma sai wuta ta kori ruwan kafin ta ba da zafi. Rassan da aka sassabe a gona, a faskara su ƙanana, a jera su bisa duwatsu don gara, su sha rana. Murhu mai bango ba ya son a cusa masa gungume: sanda biyu ko uku sun isa, a riƙa turawa kaɗan kaɗan. Karan gero na hura wuta ne, kashin shanu kuwa gona ta fi murhu bukatarsa. In girki ya ƙare, a zare ragowar iccen, a tura bakinsa cikin rairayi ya mutu, a ajiye na gobe.