RA'AYINMU: Tarakta Ce Ta Haɗa Zaki da Saniya a Dindir



Duk shekara, da zarar kaka ta wuce ciyawa ta soma bushewa, sai maganar Hazirar Dindir ta taso. A ce garken wane ya ƙetare iyaka, 'yan sandan namun daji sun kama, an ci mai shanu tara ko kuwa an yanki wani kaso na dukiyarsa. Ba a gama wannan ba sai a ji zaki ya kashe maraƙi ko kura ta yi ɓarna a tumaki, masu dabbobi sun fusata sun ce sai sun rama. Har wasu 'yan ƙungiya suka fara tambayarmu, wai mu muna bayan makiyayi ne ko muna bayan zaki? To, ga amsarmu a fili. Muna son a bar zakin Dindir da baunarsa su rayu, kuma muna cewa hanyar da ake bi yanzu, wato tsare iyaka da ƙwace shanu, ba za ta raya su ba, domin ciwon ba a bakin iyakar yake ba.

Bari mu tuna wa matasa yadda abin ya faro. Turawan Ingila ne suka keɓe dajin Dindir a shekarar 1935, tsakanin kogin Dindir da kogin Rahad, har zuwa iyakar Habasha. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin dazuzzukan da duniya ke kula da su, a 1983 kuma aka ƙara masa faɗi. Yau girmansa ya haura murabba'in kilomita 10,000, ya taɓa jihohi uku, Sinnar da Gadarif da tamu ta Nilul Azraƙ. Kogunan nan biyu ba sa gudu sai da damina. Idan rani ya yi, abin da ke riƙe da rai a dajin shi ne tafkunan da ake kira maya, inda ruwa ke kwanciya, ɗanyar ciyawa ta kewaye shi har tsakiyar bazara. Duk rigimar da kuke ji a kan waɗannan mayoyi ake yin ta. Bauna na son su, gwanki na son su, zaki na kwanto a bakinsu, saniya mai ƙishirwa kuma ba ta san an zana wata iyaka a takarda ba.

Masu lura da dajin suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1971 da 2001 ta nuna gwambaza ta ragu da kashi 85 cikin 100, kwanta-rafi da kashi 72, batsiya da kashi 68. Raƙumin dawa ya ƙare a Dindir ƙaf. Karkanda da dorina sun daɗe da zama labari. Kyarkeci, wanda dattawanmu suka sani yana farauta a ayari, ya yi wuyar gani. Wanda ya shekara hamsin yana bin wannan daji ba ya bukatar takarda ta gaya masa haka, idonsa ya gani.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. A shekarun da namun daji suka fi yawa a Dindir, ai akwai makiyaya a ƙasar nan. Akwai Rufa'a, akwai Kinana, akwai Fulani da jajayen shanunsu, akwai mutanenmu da suka zauna bakin kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso da jama'arsa. Da damina garke ya yi arewa wajen Buɗana don gudun laka da ƙudan cizo, da rani ya gangaro kudu bakin ruwa. Kowace ƙabila da burtalinta, da mashayarta, da wurin saukarta, kuma nazirai da umdodi da shehunan gari su ne ke faɗin ranar da za a shiga da ranar da za a fita. Makiyayi bai cika bukatar maya ta cikin hazira ba, saboda yana da tasa a waje.

Abin da ya sake lissafin shi ne noman tarakta. An fara shi a wajen Gadarif tun cikin shekarun 1940, amma sai da aka kafa hukumar noman inji a 1968 sannan ya bazu kamar wutar daji. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. To ina makiyayin da ya taɓa yi wa burtali rajista? Ba a jima ba aka rushe mulkin gargajiya, wato aka cire hannun mutanen da suka san inda kowane burtali ya bi. Aka shiga yanka daji ana rabawa, faddan 1,000 ko 1,500 ga mutum guda, galibi attajiran birni da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshi, a Samsam da Dali da Mazmum da Agadi da Garabin. Bayan gonakin da aka tsara kuma sai ga waɗanda ba a tsara ba, kowa ya shigo da taraktarsa ya nome inda ya ga dama. Burtalin da garke ke bi yana kiwo yana tafiya ya koma siririn lungu tsakanin gonar dawa da gonar riɗi, saniya ta karkata kai kaɗan an ce ta yi ɓarna. Wani wurin ma hafirin da aka haƙa don dabbobi sai ka tarar ya koma tsakiyar gonar wani.

Ga abin da muke so masu kare namun daji su riƙe da kyau. Wannan tarakta ba makiyayi kaɗai ta kora ba. Namun Dindir ma masu ƙaura ne kamar mu. Da damina, idan ƙasar hazira ta jiƙe ta zama taɓo, gwanki da gwambaza da 'yan'uwansu suna fita waje su yi kiwo a tudu, su komo idan ruwa ya janye. Wannan tudun da suke fita shi ne aka nome. Dabba ta fito ta tarar da gona da bindiga da sansanin 'yan ƙwadago masu neman nama. Ashe ke nan da gwanki da saniya abu ɗaya ya ci su, sai aka matse su a ɗan abin da ya rage na daji, aka ce ɗaya ne ke kashe ɗaya.

Sai kuma abubuwa suka yi ta hawa kan juna. A 2011 Kudu ta ɓalle, makiyayan da suka saba cin rani a ƙasar A'alin Nil suka wayi gari da iyakar ƙasa a gabansu, a watan Satumba na shekarar kuma yaƙi ya ɓarke a jiharmu ya rufe dazuzzukan kudancin Damazin. A 2013 aka kammala ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, ruwa ya cinye fadamu da mashayu, aka kwashe ƙauyuka zuwa sababbin garuruwa. Abin da ya faru a Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi a 2022 ba sai mun tuna wa kowa ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma kowa ya ga irin wutar da maganar ƙasa ke iya kunnawa. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya iso Sinja da garin Dindir a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe su a ƙarshen shekarar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara turo garke wajen hazira, ya kuma ƙara yawan bindiga a hannun jama'a.

Irin wannan rigima ba mu kaɗai ke da ita ba. A Amurka akwai wani babban gandun daji, Yelostun, wanda aka keɓe tun 1872. Sun kashe kyarketansu har suka ƙare, daga baya suka ga dajin ya lalace, a 1995 da 1996 suka je Kanada suka ɗauko wasu suka sake. Masu shanun da ke kewaye suka yi ca, kamar yadda mu ma za mu yi. Suna kuma da wata irin bauna mai gashi da tozo, wadda ke fita daga gandun idan ƙanƙara ta rufe ciyawa, masu shanu kuwa na tsoron ta sa wa garkensu bakkale, cutar nan mai sa saniya ɓari. A hunturun 1996 zuwa 1997 an kashe irin wannan bauna fiye da 1,000 a bakin iyaka. Wato su naman daji ke fita a harbe shi, mu kuma saniya ke shiga a kama ta. Har yau ba su gama jayayya ba, kada wani ya ce muku sun gama. Amma abu biyu sun yi da ya kamata a duba. Tun 1987 wata ƙungiyar masu son namun daji ta buɗe asusu tana biyan diyya ga wanda kyarkeci ya kashe wa dabba, ta yi shekara fiye da 20 tana biya kafin hukuma ta karɓi aikin. Sannan a 2000 suka zauna suka yi tsari a kan ƙasar da ke wajen gandun, inda baunar za ta iya zuwa da inda ba za ta wuce ba. Sun gane cewa gyaran gandu daga wajensa ake fara shi.

Mu ma abin da muke nema ke nan daga gwamnatocin jihohi uku da hukumar namun daji. A buɗe burtalan da aka nome, a auna su, a kafa musu turakun siminti, a mayar da wuraren sauka, kuma duk mai gonar da ya ci burtali a hukunta shi da irin zafin da ake hukunta makiyayin da ya ƙetare iyakar hazira. Akwai dokar makiyaya da aka yi a 2015, ba sabuwar doka muke roƙo ba, aiki da ta hannu muke roƙo. A haƙa hafirai a kan burtali nesa da iyaka, domin garken da ya sha ya ƙoshi a waje ba abin da zai kai shi Galagu. Dama tsarin da UNESCO ke bi a irin wannan daji ya raba shi kashi uku, tsakiyar da ba a taɓawa, da kewayenta, da bakin da jama'a ke amfana da shi. To a zauna da mu a faɗi inda wannan bakin yake, da watannin da za a iya kiwo ko yankan ciyawa a cikinsa da takardar izini, musamman shekarar fari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya tashi a bayan saniya ya fi kowa sanin sawun zaki da sawun mafarauci, me zai hana a ɗauki irinsa aikin tsaron dajin?

Maganar diyya kuwa, mun san baitulmali ba kuɗi a wannan hali da ƙasa ke ciki. Amma ƙungiyoyin waje da ke kashe kuɗi a kan zakin Dindir da na Alatish, gandun da ke manne da shi ta ɓangaren Habasha, ya kamata su san cewa wanda ke ciyar da zakin nan idan ya fito waje talaka ne mai saniya goma. Kuma tara ta zama daidai da laifi. A yanki babban kaso na garken mutum saboda kwana biyu a bakin maya, an mayar da shi matsiyaci, gobe shi ne zai koma sarar itace yana gawayi a cikin dajin da ake cewa ana karewa.

Yanzu kuma sai mu juyo gida, don gaskiya ɗaya ce. Akwai abubuwan da wasu ke yi da sunan makiyaya waɗanda wannan ƙungiya ba za ta tsaya wa kowa a kansu ba. Na farko sa guba a mushe. Wanda ya yi haka ba zaki ɗaya ya kashe ba, ya kashe kura da dila da ungulu da karen maƙwabcinsa, wani lokaci har ruwan da shanunsa za su sha. Ungulu kuwa ita ce ke share mana mushe kafin cuta ta bazu, ranar da ta ƙare za mu san amfaninta. Haka cinna wa daji wuta don sabon tsiro ya fito. Wutar rani a ƙasar dushe da aduwa ba ta da linzami, tana cin goruba ta bakin kogi, ta bar ƙasa tsirara, damina ta zo ta kwashi yashi ta cike maya. Mayoyi da dama sun riga sun cike sun bushe, kuma mayar da ta mutu ba ta shayar da bauna balle saniya.

Kada kuma a manta da cuta. Inda shanu da bauna suka sha a rami ɗaya, abin da ke jikin ɗaya yana iya komawa jikin ɗaya. Dattawa sun san abin da bushiya ta yi wa shanu da namun daji tare, kafin a sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. Fatake ma sun tuna 2019, lokacin da Saudiyya ta dakatar da karɓar dabbobinmu saboda zazzaɓin da ya ɓulla, farashi ya faɗi tun daga Sawakin har kasuwannin ƙauye. Allurar rigakafi kafin a gangara rani ba alfarma ce ake yi wa likitan dabbobi ba. Ku kuma fatake, idan aka kawo muku busasshen naman daji a buhu ko fatar da kun san ba ta gida ba ce, ku ƙi saya. Mafaraucin da ke shiga da bindigar yaƙi ya fita da kaya, laifinsa a kan makiyayi ake ɗora shi, ku kuwa da makiyayi kuke cin abinci.

A ƙasar Maraɗi ta Nijar akwai dajin Gadabeji, a tsakiyar ƙasar makiyaya, inda raƙumin dawa ya ɓace shekaru da yawa. A 2018 aka ɗauko guda 8 daga wajen Kure aka mayar can. Dindir ta fi Gadabeji ruwa da ciyawa nesa ba kusa ba, kuma har yanzu tana da zakinta da baunarta da jiminarta, ba sai an ɗauko daga wata ƙasa ba.

Muna roƙon shugabannin rassa da ardo-ardo da dillalan kasuwa, kafin garke ya gangaro bana, kowa ya rubuto mana burtalan yankinsa da aka toshe, da hafiran da suka koma cikin gona, da dabbobin da zaki ko kura suka kashe tare da wuri da wata. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko da Larabci, za mu karanta. Da wannan takarda za mu nemi zama da hukuma a Damazin da Sinja da Gadarif.