Sai an sha darasi kafin a shiga ruwa

A tsibirin Owahu na jihar Hawayi a Amurka akwai gaɓar Hanauma, tsohon bakin dutse mai aman wuta da teku ya cika. Duwatsu sun tare mata igiyar ruwa, shi ya sa ruwanta yake kwance. Mutum ya sa tabarau na ruwa, ya kama bututun numfashi da baki, ya kifa ciki yana kallon kifaye da murjani.

Amma ba a barin baƙo ya sauka sai ya kalli bidiyon kusan minti 9 kan ladabin wurin. Wani abokin aikina ya ce wannan takura ce, mutum ya biya kuɗinsa kuma a mai da shi ɗan aji. Ni kam ina bayan hukumar.

Murjani ba dutse ba ne, halitta ce mai rai. Reshen da ƙafa ɗaya ta karya sai ya yi shekaru bai dawo ba. Tun 1967 aka sa wurin cikin kariya, amma dubban baƙi suka ci gaba da tattake shi suna ba kifaye burodi. Da aka rufe shi a 2020 saboda korona, ruwan ya ƙara haske. Yanzu Litinin da Talata ba kowa.

A aji na gani: yaron da aka faɗa wa dalili ya fi wanda aka yi wa tsawa kiyaye doka. Babba ma haka yake. Minti 9 ai bai yi yawa ba.