Goman ƙarshe: ɗan kasuwa ma yana buƙatar ƙailula

Na san wasu za su ce wannan magana ce ta ɗan albashi wanda bai san zafin jari ba, amma dai a saurare ni tukuna.

Da zarar azumi ya kai ashirin, barci ya ƙaurace wa ɗan kasuwa ke nan. Mai sayar da tufafi a Maradi zai ci kasuwar Juma'a, Asabar yana Kantin Kwari a Kano wurin sarin atamfa da shadda, Lahadi ya biyo ta Jibiya, Litinin kuma hantsi ya same shi a rumfarsa. Na Ƙonni ma haka yake fama tsakanin Lahadin Illela da Larabar gida. Da dare ga asham, ga tahajjud, ga sahur, gari na wayewa a ɗora daga inda aka tsaya. Abin mamaki, kwanakin da addini ya keɓe don i'itikafi da natsuwa su ne waɗanda muka fi kowane lokaci kai da kawowa.

Ban ga laifin kowa ba, domin kuwa an ji jiki. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wanda kayansa suka taɓa lalacewa cikin kamiyo a bakin duwan ya koyi cewa in hanya ta buɗe a ci kasuwa da sauri.

To amma ita gajiya ba ta zuwa kyauta, daga cikin riba take ɗaukar rabonta. Cinikin iyaka da ka ake yin sa: a saro da naira, a sayar da sefa, a ƙirga da dala da jika, ga canji yana sauyawa tsakanin safe da yamma. Kan da bai yi barci ba shi ne ke mayar da canjin jika goma ga wanda ya ba da biyar, shi ke karɓar jabun kuɗi bayan magariba, shi ke ba da bashin turmi uku ya manta bai rubuta ba. Sai bayan salla a zauna lissafi a ga giɓi, a ɗora wa yaron shago, alhali yaron ma a tsaye yake gyangyaɗi. Masu hawan jini kuwa, su ne suka fi kowa sanin abin da rashin barci ke yi musu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne direba. Alhaji yana iya kishingiɗa a gaban mota ya runtsa, shi kuwa wanda ke riƙe da sitiyari yana azumi, ya kwana lodi, an kuma ce lalle ya iso kafin kasuwa ta cika. Kuɗin direba na biyu bai kai na taya ɗaya ba, balle a yi maganar rai.

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne, ƙailula ce, wadda malamai suka daɗe suna karantar da mu cewa sunna ce. Tsakanin azahar da la'asar masu saye sukan ragu, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi. Awa ɗaya a kan tabarma, an kashe salula, ta isa ta dawo wa mutum da hankalinsa kafin cunkoson yamma.

Matsalar ita ce ba mai son ya rufe shi kaɗai, kada maƙwabci ya ɗauke masa mai saye. Saboda haka wannan aikin shugabannin ƴan kasuwa ne. Ranar Juma'a ai ana yin kiran salla kowa ke sauke labule, ba wanda ya taɓa karyewa saboda haka. Masu layin atamfa su zauna tun kafin azumi ya kai ashirin, su yanke cewa daga ƙarfe biyu zuwa uku an rufe gaba ɗaya, a bar mutum biyu suna gadi, gobe a canza wasu. Masu takalma da teloli su ma su tsayar da tasu awar.