Aikin Manhaja: Ba Girin-Girin Ba Dai, Ta Yi Mai

A da, idan aka tambayi 'yan ajin ƙarshe aikin da suke so su yi bayan karatu, amsar ba ta wuce likita, lauya, soja ko malamin asibiti. Yanzu kuwa da yawa aikin kwamfuta suke ambata. Wannan buri ne mai kyau, kuma ba nufina ba ne in kashe wa kowa gwiwa. Abin da ya dame ni shi ne inda yaranmu suka samo siffar wannan aiki. Yawancinsu daga talla suka samo ta: ga saurayi zaune a ɗaki mai sanyi, ya taɓa maɓalli biyu, matsalar duniya ta warware, kuɗi suna ta shigowa. Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ya shiga aikin da wannan siffa a ransa zai sha mamaki, uban da ya sayi na'ura bisa zaƙin bakin mai talla kaɗai kuma zai yi da-na-sani. Gara mu dubi yadda masu aikin suke yini, mu kuma ji abin da ya sa sukan ɓata fuska idan suka ga tallan kayan da su da kansu suka haɗa.

Da farko, mece ce manhaja? Jerin umarni ne da mutum ya rubuta domin kwamfuta ko waya ta bi. Na'urar cirar kuɗi ta banki, da 'yar na'urar POS ta bakin kasuwa, da jarrabawar JAMB da ake yi a kan kwamfuta, duk da manhaja suke aiki. Kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Abin da aka rubuta mata shi take bi, ko daidai ne ko kuskure ne, kuma da sauri take bin sa.

To, yaya mai rubuta manhaja yake yini? A wurare da yawa akan fara da ɗan taro na kamar minti 15, a tsaitsaye domin kada a daɗe. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Daga nan sai ya buɗe jerin ƙorafe-ƙorafen jama'a. Wata ta tura kuɗi, an cire daga asusunta, amma ba su isa ba. Wani sunansa yana da harafi mai lanƙwasa irin ɗ ko ƙ, na'ura ta ƙi karɓa. Kafin ya gyara komai, tilas ya zauna ya karanta abin da wani ya rubuta shekarun baya, wanda wataƙila ya daɗe da barin kamfanin. Yana iya yin kwana uku yana neman kuskure, a ƙarshe ya tarar waƙafi ɗaya ne aka sa inda bai dace ba. In ya gyara sai ya gwada, sa'an nan abokin aikinsa ya duba, kamar yadda mu malamai muke duba littattafan ɗalibai, ya kuma mayar masa idan bai gamsu ba. Makon da jiran dare ya faɗo kansa kuwa, da wayarsa a kunne yake kwana, don ana iya tashinsa ƙarfe biyun dare a ce abu ya tsaya. A ƙasarmu sai a ƙara da kuɗin man janareta da na data, wanda yake yi wa kamfanin Amurka aiki daga gida kuma yakan shiga taro lokacin da iyalinsa suke cin tuwon dare.

Wannan hali ba sabo ba ne. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin kamfanin IBM a shekarun 1960, kuma Kirista ne mai himma, ya wallafa littafi a kan wannan sana'a a 1975. A lissafinsa, kashi ɗaya cikin uku na lokacin aiki shiri ne ke cin sa, rabi kuma gwaji ne da gyara. Rubuta umarnin kansa kashi ɗaya ne kawai cikin shida. Ya kuma nuna cewa idan aiki ya makara, ƙara ma'aikata yakan ƙara masa makara ne, domin tsofaffin hannu za su bar aikinsu su koyar da sababbi. Manomi ya san wannan: yawan 'yan gayya yana gama noma da wuri, amma ba ya sa dawa ta nuna kafin lokacinta.

Yanzu mu zo ga talla. Abu na fari da masu wannan aiki suke kuka da shi shi ne ranar alkawari. Sau da yawa sashen talla yakan shelanta wa duniya cewa sabon kaya zai fito ranar kaza, tun ba a tambayi masu haɗa shi ba. In lokaci ya ƙure, abin da akan rage shi ne gwaji, tun da mai saye ba ya ganin gwaji da ido. Kamar magini ne da aka matsa wa ya gama ɗaki kafin ranar biki: zai shafa fenti mai ƙyalli, amma damina ce za ta tona asirin harsashin ginin.

Na biyu shi ne cewa na'ura ba ta kuskure. Babu mai rubuta manhaja na ƙwarai da zai rantse a kan wannan, don ya san abin da ke cikin tukunyar. Margaret Hamilton, matar da ta shugabanci masu rubuta manhajar kumbon Apollo, ta yi suna ne saboda ta yi tanadin ranar da abu zai lalace. A 1969, ana gab da sauka a kan wata, aiki ya yi wa kwamfutar kumbon yawa. Da yake an tsara ta ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe muhimmai, sai aka sauka lafiya. 'Yan matanmu su lura, mace ce ta ja wannan ragama.

Ga kuma abin da yakan faru in aka gaskata cewa na'ura ba ta kuskure. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan gidajen waya alhali ba a saci ko kwabo ba. Masu kula da gidajen suka yi ta kuka, hukumar ta dage cewa na'urarta lafiya lau take. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 gaban shari'a bisa zargin sata ko ha'incin lissafi. An ɗaure wasu, wasu sun sayar da gidajensu don su biya kuɗin da ba su ci ba, wasu sun mutu da tabon sata a sunansu. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗu sun kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar wanke waɗanda aka hukunta. Ku yi tunanin ma'ajin ikkilisiyarmu, dattijo mai amana, a ce na'ura ta nuna ya ci kuɗin baiko, mu kuwa mu gaskata na'ura mu ƙaryata shi.

Na uku ya fi muni, kuma shi ne ya fi shafar ɗalibanmu kai tsaye. Idan talla ya yi alkawarin abin da na'ura ba za ta iya ba, wa ake zuwa wurinsa a ce ya rufa asiri? Mai rubuta manhaja. Kamfanin motoci na Volkswagen ya yi shekaru yana tallan motocinsa masu shan dizal a Amurka da sunan ba sa gurɓata iska. A 2015 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta bayyana cewa an sa wa motocin manhajar da take gane lokacin da ake gwada su, sai ta rage hayaƙi mai guba, in an hau titi kuma ta sake shi har ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya. A 2017 kotu ta yanke wa wani injiniyan kamfanin, James Liang, ɗaurin wata 40. Ba shi ne mai kamfanin ba, ma'aikaci ne da ya yi abin da aikin ya nema, amma hakan bai cece shi ba. Littafin Karin Magana ya yi gargaɗi fiye da sau ɗaya a kan ma'aunin zalunci. A kasuwarmu mun san mudun da aka lotsa wa gindi. Manhaja ita ce mudun wannan zamani, bambancin kawai shi ne mai saye ba ya iya juya ta ya duba gindinta. Amanar tana hannun wanda ya rubuta ta.

Na huɗu shi ne yayin sababbin sunaye. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, kusan kowane kaya sai a ce yana da ƙirƙirarriyar basira. Waɗannan na'urori suna da amfani, masu rubuta manhaja da yawa ma suna aiki da su kullum. Amma su suna duba abin da na'urar ta ba su kafin su yarda, domin sun san takan faɗi abin da babu shi, kuma da cikakken ƙarfin hali. A 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo wa kotu tsofaffin shari'u shida da ChatGPT ta ƙago, ba su bincika ba. In lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibin da yake kwafe aikin gida daga waya sai ya yi hattara. Haka nan kalmar kyauta. Kamfanin da yake biyan dubban ma'aikata albashi ba sadaka yake yi ba. Facebook da Google daga talla suke samun mafi yawan kuɗinsu, wato lokacinmu da bayananmu su ne kuɗin da muke biya.

Wani zai ce, Malam, ashe talla zunubi ne? A'a. Mai ƙosai ma sai ta ɗaga murya ake sanin ta sauke. Kaya mai kyau da ba wanda ya san da shi a shago zai ruɓe, kuma albashin mai rubuta manhaja daga cinikin da mai talla ya jawo yake fitowa. Akwai masu talla na kirki da sukan zauna da jama'a su ji bukatarsu, su kawo wa ma'aikata labari, har kayan ya ƙara inganci. Abin da masu aikin suke roƙo kaɗan ne: a bar talla ya bi bayan aiki, a faɗi abin da kaya yake iyawa, a kuma faɗi iyakarsa. Kyan alkawari cikawa.

In kuskure ya auku kuma, a amsa shi da wuri. A nan muna da misali daga gida. A jarrabawar JAMB ta 2025 ɗalibai da iyaye sun yi kuka a kan sakamako. Bayan bincike, a watan Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya ce an sami matsalar na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, ya nemi gafara, aka kuma sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Yaran sun sha wahalar da ba laifinsu ba ne, wannan gaskiya ne. Duk da haka a gwada da Birtaniya, inda aka yi shekara 20 ana kare sunan na'ura ana ɓata sunan mutane.

Saboda haka ga shawarata. Ku ɗalibai masu sha'awar wannan aiki, ku riƙe lissafi da Turanci da kyau, domin rabin aikin karatu ne da rubuta bayani yadda wani zai gane. Ku koyi zama a kan tambaya ɗaya har ku warware ta. Ku saba da karɓar gyara ba tare da fushi ba, don kullum za a duba aikinku. Ku yi hattara da allunan da suke alkawarin mai da ku ƙwararru cikin mako shida. Mako shida ya isa a fara, bai isa a ƙware ba. Fiye da kome, ku yanke shawara tun yanzu a kan abin da za ku ce ranar da maigida zai ce ku sa na'ura ta nuna abin da ba haka yake ba. Wanda ya saba da satar amsa a aji, da wuya ya iya cewa a'a a ofis.

Ku kuma iyaye, da 'yan'uwana malamai, da dattawan ikkilisiya, idan aka kawo mana wata manhaja domin makaranta, ko asibiti, ko lissafin baiko, mu yi tambayoyi kafin mu sa hannu. Su wa suke amfani da ita yanzu, za mu iya zuwa mu gani? Me ba ta iya yi? In ta lalace wa za mu kira, kuma nawa za mu biya? In babu wuta ko intanet fa? Ina bayanan 'ya'yanmu za su tafi? Mai kaya na gari ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. In da hali, mu nemi ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanmu da suke wannan aiki ya zauna tare da mu, domin gani ya kori ji. Kada kuma mu yar da littafin lissafi na takarda sai sabon tsari ya shekara yana aiki daidai.

Ina taya 'yan ajin ƙarshe murna. Wasunku za su rubuta manhajar da za ta riƙe albashin iyayenku, da sakamakon ƙannenku, da takardun marasa lafiya. Ba za a ga fuskokinku a allon talla ba, amma Ubangiji da yake ganin abin da ke ɓoye yana ganin kowane layi da kuka rubuta. Allah ya ba ku haƙuri da riƙon amana. Amin.